Amsa kan ma'anar "lift a finger" da yadda ake amfani da shi

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar "He didn't lift a finger", da kuma ko za ka iya cewa "I lifted a finger to help him" idan ka ɗan taimaka wa mutum. Ma'anarsa ita ce mutum bai tsinana komai ba alhali yana da halin yi, irin wanda muke cewa ko tsinke bai kawar ba. Jimlarka ta biyu kuwa ba ta yi ba, kuma a nan ne yawancin masu koyo suke tuntuɓe.

Wannan karin magana ba ya tsayuwa sai da korewa. Dole a samu "not", "never", "without" ko "hardly" a tare da shi: "She never lifts a finger around the house", wato ba ta taɓa aikin komai a gidan. Dubi yadda "ko sisi" take a Hausa. "Ban ba shi ko sisi ba" magana ce, amma "na ba shi ko sisi" ba wanda zai faɗa. Haka wannan yake. Da zarar ka cire korewar, Bature zai ɗauka yatsanka na zahiri ka ɗaga sama. Sai dai karin maganar yana shiga tambaya mai ɗauke da zargi, kamar "Did he even lift a finger?", yana kuma bin kalmomin da korewa ke ɓoye a cikinsu, irin su "refused to" da "too lazy to".

Kada ka taɓa siffarsa. Yatsa ɗaya ne, "a finger", ba "his finger" ba, ba "fingers" ba. Aikatau kaɗai ke sauyawa: lifts, lifted, lifting. Bayan "didn't" sai "lift" zalla, ba "lifted" ba. Abin da aka ƙi yi yana biyowa da "to": "Nobody lifted a finger to stop the fight", ana faɗa kowa ya zuba ido.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne nauyin maganar. Zargi ce, kuma mai zafi, domin tana nufin akwai aiki, mutumin zai iya, an sa rai zai yi, ya naɗe hannu. Don haka ban ba ka shawarar sa shi a takardar ofis ko wasiƙar ƙorafi ba. "Made no effort to assist" ya fi dacewa a can. Sai dai yana da wata fuska mai daɗi. Mai masauki zai ce wa baƙo "You won't have to lift a finger", ma'ana ka zauna ka huta, komai za a yi maka. Masu tallan otal da na injin wanki suna son wannan jimla ƙwarai. "Without lifting a finger" kuma samu ne a ɓagas, ba gumi.

Asalin maganar daɗaɗɗe ne. Yana cikin Linjilar Matta 23:4, inda ake sukar masu ɗora wa mutane kaya masu nauyi su kuwa ba sa taɓawa. Fassarar Turanci ta King James ta 1611 da kalmar "move" ta zo, wasu fassarorin zamani ne suka sa "lift a finger".

A kula da makusantansa, don masu tsara tambayoyin jarrabawa suna jera su wuri ɗaya. "Lay a finger on" taɓa mutum ne da nufin cutarwa, "point the finger at" kuma ɗora laifi.

Idan kuwa mutumin ya yi aikin, ƙoƙari ne bai sa ba, to nan ba gurbin "lift a finger" ba ne. Wanda ya yi don kada a ce bai yi ba, "he went through the motions" ake cewa, Amurkawa kuma su ce "he phoned it in". Magini da ya rage siminti don ya gama da wuri ko ya rage kashe kuɗi, shi ne ake cewa "he cut corners".