Amsa: Wane izini zan ba manhaja ta karanta sirri a AWS?

Ɗan'uwa, ka ce manhajarka ta kasa ɗauko kalmar sirrin rumbun bayanai daga Secrets Manager (ma'ajiyar sirrika ta AWS, dandalin Amazon na ɗora manhajoji a intanet), shi ya sa kake son ka danna mata alamar tauraro (*, wato izinin komai) a wajen izini kowa ya huta. Don Allah kar ka yi. Ranar da wani ya kutsa cikin manhajar nan, ka miƙa masa makullan gidan gaba ɗaya ke nan.

Ka buɗe mata IAM role (matsayin da ake ɗora wa izini a AWS) nata ita kaɗai, ka ba shi izinin karantawa, wato secretsmanager:GetSecretValue, a kan ARN (cikakken adireshin abu a AWS) ɗin sirrin da take buƙata, shi ke nan. Rubutawa da gogewa ba aikinta ba ne. Sai dai ka lura, AWS na liƙa haruffa 6 a ƙarshen ARN, in ka rubuta sunan zalla ba zai hau ba. Kwafo cikakkensa. Ni kaina na taɓa ɓata rabin yini a kan wannan, har na fara zargin kwamfutata.

In kuma da makullin KMS (sashen AWS mai kula da makullan rufe bayanai) naka aka rufe sirrin, ƙara izinin buɗewa, wato kms:Decrypt, a kan wannan makulli kawai. Ina kyautata zaton nan matsalarka take. Leƙa CloudTrail, rajistar ayyukan da aka yi a asusunka na AWS, zai nuna maka kiran da aka hana.