Agadas: Su Wane Ne Mutanenta, Kuma Da Me Suke Rayuwa A Bakin Hamada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum ina jin sunan Agadas a rediyo, yawanci a kan labarin masu tafiya Libiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce garin Abzinawa ne, amma duk wanda aka yi hira da shi daga can Hausa yake yi tiryan-tiryan. Su wane ne ainihin mutanen garin? Kuma da me suke rayuwa, tun da dai ba ƙasar noma ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyin nan naka biyu amsarsu ɗaya ce. Agadas ba ta taɓa ciyar da kanta daga gona ba. Ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, wanda ko gero ba zai nuna da shi ba. Hanya ce ta kafa garin, ita ce ta tara masa mutane iri-iri, ita ce kuma ta zaɓa masa harshen da zai yi ciniki da shi.

Garin yana arewacin Jamhuriyar Nijar, a gindin duwatsun Azbin daga kudu, a daidai inda hanyoyi suke haɗuwa. Ta arewa ana fita zuwa Gat da Gadamus har Turabulus, ta gabas ana ƙetare hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, ta yamma zuwa Ingal da Gawo, ta kudu kuma zuwa Damargu, Damagaram, Katsina da Kano. Ƙabilun Abzinawa da ke riƙe da waɗannan hanyoyi sun daɗe suna rikici a kan rijiyoyi da kuɗin fito, kuma babu wadda za ta yarda ɗan wata ya mulke ta. A farkon ƙarni na 15, wajen 1405, suka naɗa sarki wanda ba ɗan kowace ƙabila ba ne a cikinsu. Labarin baka ya ce daga Santambul aka zo da shi, sunansa Yunus. Ko ma daga ina ya fito, aikin da aka ba shi a fili yake: ya raba gardama, ya tsare hanya, ya karɓi haraji a kan kayan da ke wucewa. Wajen tsakiyar wannan ƙarni aka mai da fadar Agadas. Sarkin ba shi da rundunar da ta fi ta ƙabilun, kuma idan ya saɓa musu suna iya tuɓe shi, sun kuma sha yin haka. A fadarsa akwai Sarkin Turawa, wanda ke kula da fataken Larabawa da masaukinsu da harajinsu. Sarautar tana nan har yau, ana kuma kai mata ƙara.

A zamanin da zinariyar yamma take bi ta Gawo zuwa Masar, Agadas ta yi arziki ƙwarai. Askiya Muhammadu na Songhai ya ci garin a 1515, kuma ga wannan zamani ake danganta ginin babban masallacin nan mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844. Itatuwan da kake gani sun fito daga jikinta suna riƙe ginin, kuma su magina suke takawa idan za a yi yaɓe. Garin ya kuma yi suna da ilimi. Imam Suyuɗi ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha daga Masar, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je Agadas neman ilimi wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Dole kuma a faɗi cewa cikin abin da aka riƙa kai wa arewa ta wannan hanya har da bayi, kuma har gobe wasu iyalai a yankin suna ɗauke da tabon wannan tarihi.

Da Maroko ta rushe daular Songhai a 1591, hanyar yamma ta mutu, garin ya fara ramewa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso a 1850, ya tarar da unguwanni da dama sun zama kufai, ya kuma ƙiyasta mazauna ba su wuce dubu bakwai ba. Ya ji mutanen gari suna magana da wani reshe na harshen Songhai, wanda yanzu ya ɓace a Agadas, ko da yake a Ingal har yau ana yin ɗan'uwansa.

To, ina Hausa ta shigo? Da farko, Gobirawa suna da tarihin cewa a Azbin suka zauna kafin Abzinawa su turo su kudu, don haka Hausa ba baƙuwa ba ce a ƙasar. Amma babban dalili shi ne abinci. Bayan mutuwar hanyar yamma, hatsin da garin ke ci daga Damargu da ƙasar Hausa yake zuwa, haka ma tufafi. Baƙin rawanin nan mai ƙyalli da Ba'abzine yake alfahari da shi, a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a kuma buga shi. Mutumin da abincinsa da suturarsa suke fitowa daga wuri ɗaya, harshen wurin zai koya. Shi ya sa a yau za ka ga Ba'abzine yana Tamashek a gida, Batube daga Kawar, wato yankin Bilma, yana nasa harshe, Balarabe mai shago, Bafillace mai shanu, Bazabarme ma'aikacin gwamnati, Bayarabe da Inyamuri masu sayar da kayan gyaran mota, amma idan suka haɗu a kasuwa Hausa ce take haɗa su. Su kuwa Agadasawa, 'yan asalin tsohon gari, jikokin duk waɗannan ne da suka cakuɗu shekaru ɗaruruwa, kuma Hausa ce harshensu na gida.

Idan kana son ka gane yadda dukiya take zagayawa a wannan ƙasa, dubi ayarin gishiri, domin shi ne ya riƙe yankin bayan zinariya ta ƙaura. Tafiya ce mai kusurwa uku. Bayan damina, wajen Oktoba, lokacin da raƙuma suka ƙoshi, ake tashi daga Azbin zuwa Bilma, nisan kusan kilomita 600. Tun kafin tashi an yi makonni ana yankan ciyawa ana ɗaurewa dami-dami, saboda a Tenere babu abin da raƙumi zai ci. Ana ajiye wani kaso na ciyawar a hanya don dawowa, kuma ayarin da ya yi kuskuren lissafinta, raƙumansa ne za su faɗi a kan hanyar gida da kaya a bayansu. Ana ɗaure raƙuman jeri-jeri, igiyar wannan a jikin sirdin wancan, madugu yana gaba yana duba rana da taurari da yanayin rairayi. Ana tafiya tun hantsi har tsakar dare ba tsayawa, domin raƙumi mai kaya idan aka tsaya zai durƙusa, kayan su karkace, sai an sake ɗauri. A tafe ake shan furar gero da aka dama da dabino da cuku.

A Fashi da Bilma, Barebari da Tubawa ne masu ramukan gishiri da gonakin dabino, kuma abin da suka fi buƙata shi ne gero. Ruwan gishiri yana tsattsafowa cikin ramin, rana tana ƙafar da shi, ma'aikaci yana farfasa ɓawon da ya taru a sama don ya nutse. Mai kyau fari shi ne beza, na miya. Ragowar kuma a kwaɓa shi da ƙasa, a cusa a cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife shi ya bushe, shi ne kantu na dabbobi, mai nauyin kilo ashirin ko fiye. Ana naɗe kowane kantu da tabarmar kaba, saboda wanda ya karye darajarsa ta faɗi. Raƙumi ɗaya yakan ɗauki huɗu zuwa shida. Daga nan a komo Azbin a huta, sai a gangara kudu, a sayar da gishiri da dabino a kasuwannin ƙauye, raƙuma su yi rani suna cin kara a gonakin Hausawa suna bar musu taki, a sayi gero da tufafi, a koma gida kafin damina. Namiji yakan yi fiye da rabin shekara a ƙasar Hausa ta haka, kuma wannan ma ya ƙara amsa tambayarka ta harshe.

Abubuwa biyu suka karya tsohon tsari a jere. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fata da sauran kayan da ake kai wa Turabulus a bayan raƙumi suka koma bin Legas. Sannan a Disamba 1916 Kawusan, wani jagoran yaƙin Abzinawa, tare da goyon bayan Sarkin Agadas Tegama, ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadas har zuwa Maris 1917. Da Faransawa suka ƙwace garin, sun yi ramuwa mai muni, suka kashe mutane da yawa har da malamai, suka ƙwace raƙuma, jama'a da dama suka gudu kudu. Daga baya farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka hallaka dabbobi, manyan motoci kuma suka karɓe yawancin jigilar gishiri, ko da yake ayarin bai mutu gaba ɗaya ba.

Abin da ya sake tayar da garin shi ne yuraniyom. An fara haƙarsa a Arlit, kilomita kusan 240 arewa da Agadas, a 1971, aka kuma shimfiɗa kwalta daga Tawa ta bi ta Agadas zuwa can. Ma'aikata suka zo daga ko'ina cikin Nijar. Sai dai yawancin kuɗin Yamai da Faransa ya nufa, kuma wannan ƙorafi yana cikin abin da ya haddasa tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009. Ɗaya daga cikin manyan mahaƙan biyu, COMINAK, ta rufe a 2021. Kafin tawaye na biyu kuma, yawon buɗe ido ya ciyar da gidaje masu yawa: direbobi, 'yan jagora, masu dafa abinci, da maƙeran azurfa masu ƙera sarƙar nan da aka san Agadas da ita. Tawaye na biyu da sace Turawa a Arlit a 2010 suka kashe wannan sana'a. Da UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, babu sauran baƙin da za su zo kallo.

Nan ne labarin da kake ji a rediyo ya samo tushe. Direban da ya san kowace rijiya tsakanin Agadas da Dirku a kan hanyar Libiya, ga mota, ga iyali, ba Bature mai yawon buɗe ido, sai ga dubban matasan Afirka ta Yamma suna neman hanyar Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Ranar Litinin motoci suke tashi, suna bin ayarin sojoji. Ana loda mutum ashirin da biyar ko fiye a bayan Hilux, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo, ga jarkar ruwa da aka naɗe da buhu. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙirga fiye da mutum dubu ɗari uku da suka nufi arewa ta Nijar a 2016. Mai gidan haya ya samu, haka mai sayar da jarka da rawani da tabarau, da mai tuwo, da bakanike, da mai canjin kuɗi.

Dokar Nijar ta 2015 da ta haramta wannan jigila, wadda aka fara aiwatarwa sosai a 2016 bisa matsin Tarayyar Turai, ta sa an kama direbobi an ƙwace motoci. A ganina an tsara ta ba tare da an fahimci garin ba. Tafiyar ba ta tsaya ba. Direbobi sun koma bin hanyoyin da babu rijiya don kauce wa jami'an tsaro, kuɗin mota ya hau, kuma wanda ya hango sintiri yakan sauke fasinjoji a tsakiyar hamada ya gudu. Diyyar da aka yi wa tsofaffin direbobi alkawari kaɗan ne suka gan ta. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamba 2023. Wannan ba ya nufin hanyar ta zama lafiya, domin ƙishirwa da 'yan fashi da gidajen azabtarwa na Libiya suna nan, ga kuma waɗanda Aljeriya take korowa tana zubarwa kusa da garin Assamaka na bakin iyaka.

Yau abin da ya fi motsa kuɗi a garin shi ne zinariya, tun da aka gano ta a Jado, can arewa maso gabas, a 2014, sannan a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. A Agadas ake sayen injin gano ƙarfe da janareto da abinci da ruwa, nan ake ɗaukar lebura, nan kuma ake dawowa da abin da aka samu. Akwai kuma wata dukiya da ba a cika ambata ba, wato lambunan cikin duwatsun Azbin, irin na Tabelot da Timiya, inda ake ban ruwa daga rijiya ana noma albasa, dankalin Turawa, tafarnuwa da lemo. Albasar Azbin takan fito a lokacin da ta sauran wurare ta yi ƙaranci, shi ya sa manyan motoci suke ɗaukarta har ƙasashen bakin teku. Matsalarta ita ce kwaltar Tawa da ta lalace, domin motar da ta kwana biyu a hanya cikin zafi, rabin kayanta yakan ruɓe kafin ta kai kasuwa.