Sulhu ko saduda, da batun "tsugunne ba ta ƙare ba"

Wata Hajiya daga Sharar Mansur nan Makka ta aiko min tambaya, wai dattawan unguwa sun raba rigimar wasu maƙwabta, ana watsewa sai ta ji wani tsoho yana cewa "wannan ai ba sulhu ba ne saduda ce, tsugunne ba ta ƙare ba". Meye bambancin, kuma me ya kawo tsugunne ciki?

To Hajiya, sulhu dai aro muka yi daga Larabci, kullum kina jin ta a bakin mutanen ƙasar nan, tushenta ɗaya da maslaha da salihi, wato gyara. A zauna, kowa ya faɗi nasa, kowa ya ɗan sassauta. Saduda kuwa ƙarfi ne ya ƙare, mutum ya miƙa wuya, baki ya ce to amma ciki bai ce ba.

Karin maganar rabi tsohon ya faɗa, cikonta "an sayar da kare an sayi biri". Kare zaman tsugunne yake, biri ma haka, kin ga ciniki kawai aka wahala aka yi.

Ni in ana zancen nan Jamus ke faɗo min a rai. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, a 1919 da aka ƙulla yarjejeniyar ƙare yaƙin a fadar Basai (Versailles) ta Faransa, ba a ba Jamusawa wurin zama a tattaunawar ba, takarda aka miƙo musu, aka ɗora musu alhakin ɓarnar yaƙin, aka ce sojansu kar ya wuce 100,000, aka karɓe ƙasashen da suke mulka har da Kamaru da Togo, sannan ga diyya da aka yanke a 1921, mak (kuɗin Jamus na lokacin) biliyan 132 na zinariya, da biya ya gagara Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr na Jamus a 1923. A takarda sunanta yarjejeniyar zaman lafiya, su kuwa Jamusawa cewa suke umarni ne aka ƙaƙaba musu. Ba wai ita kaɗai ta haddasa yaƙi na biyu ba fa, karyewar tattalin arzikin 1929 ta ƙara wa wutar fetur, amma wannan ɗacin Hitila ya riƙa sosa musu har ya hau mulki a 1933, zuwa 1939 an koma fagen daga.

Da ya ci Faransa a 1940, taragon jirgin ƙasan da Jamus ta sa hannun tsagaita wuta a cikinsa a 1918, shi ya sa aka fito da shi daga gidan tarihi, ya ce Faransawa su shigo ciki su sa nasu.