Na karɓi jinginar gida ina cin kuɗin hayarsa: ya halatta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikaci ne da na yi ritaya a Kano. Da aka biya ni kuɗin sallama na so in sayi gidan haya in riƙa samun na cefane, sai kuɗin bai kai ba. Wani dillali ya haɗa ni da wani bawan Allah mai gida ɗaki shida, bashi ya taso shi gaba, yana neman naira miliyan 7. Muka rubuta takarda a gaban mai unguwa cewa zan riƙe gidan ina karɓar haya, duk ranar da ya dawo min da kuɗina cif sai in mayar masa da gidansa. Na karɓi hayar shekara ɗaya, naira dubu 600. Yanzu ɗana ya ce kuɗin ruwa nake ci, dillalin kuma ya ce mu sauya takardar mu rubuta sayarwa. Mai gidan da yardarsa ya ba ni, har godiya yake yi min. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ɗanka ya yi gaskiya, kuma ka sa masa albarka, don ba kowane ɗa ne ke iya faɗa wa mahaifinsa irin wannan maganar ba.

Riƙe gida a matsayin jingina halal ne, babu saɓani. Inda hukuncin ya juya shi ne kalmar da ka faɗa da bakinka: zai dawo maka da kuɗinka cif. Kuɗin da aka bayar da sharaɗin za su dawo ba ƙari ba ragi, sunansu rance, kome aka rubuta a takarda. Gidan yana nan mallakar mai shi, hayarsa tasa ce. Ka ba da miliyan 7, za ka karɓi miliyan 7, ga dubu 600 a kai duk shekara. Wannan ƙarin shi ne ribar da aka haramta, ba ribar kasuwa da Bahaushe ya sani ba.

Na san akwai masu halatta wannan, kuma jinginar gona da gida ta daɗe a ƙasar Hausa har mutane sun daina ganin laifinta. Hujjarsu ta farko ita ce taka: mai gida ya yarda. To wane mai karɓar bashin ruwa ne bai yarda ba? Duk wanda ya je banki da ƙafarsa ya je, da hannunsa ya sa hannu. Wanda masu bin bashi suka tsaya masa a ƙofar gida, ka ce masa ba ka ba shi sai ya sakar maka hayarsa, yardarsa ta dole ce. Ka tambayi kanka: da ba ka ranta masa ba, zai bar maka hayar ɗaki shida kyauta? Abdullahi ɗan Salam, Allah ya ƙara masa yarda, ya gaya wa Abu Burda cewa idan kana bin mutum bashi ya kawo maka kyautar ko da ɗaurin harawa ne kada ka karɓa, riba ce. Buhari ya ruwaito. Idan harawa ta hanu, ina ga hayar shekara?

Suna kuma kawo hadisin da ya ce dabbar da aka jinginar ana hawanta, ana shan nononta. Hadisin ingantacce ne, amma ƙarshensa suke tsallakewa: wanda ya hau ko ya sha, shi zai ciyar da ita. Amfanin a madadin ciyarwa yake, don kada dabba ta mutu da yunwa a hannun mai riƙo. Gida ba ya cin dusa. Hambalawa ma da suka yi aiki da zahirin hadisin sun tsayar da shi kan abin hawa da abin tatsa.

Wasu ɗalibai kan ce ai mazhabarmu ta Malikiyya ta yarda mai riƙon jingina ya sharɗanta amfani da ita. An yarda, amma da ƙaidi biyu da Shehu Halil ya ambata a littafinsa na fiƙihu, Muhtasar: a ƙayyade lokacin amfanin, kuma bashin ya zama na ciniki, ba na rance ba. Misali ka sayar wa mutum mota bashi, ya jinginar maka da shago, ka sharɗanta zama a ciki shekara ɗaya. A nan zaman shagon ya shiga cikin farashin motar. Kai kuwa tsabar kuɗi ka miƙa, ba a kuma yanke rana ba. Duka ƙaidin biyu babu ko ɗaya.

Shawarar dillali ta fi muni, don ta haɗa riba da ƙarya. Sayarwa da sharaɗin in an dawo da kuɗi a mayar da kaya, ita Malikawa ke kira sunya, ɓataccen ciniki ce idan sharaɗin yana cikin ƙullin cinikin. Wasu malaman Hanafiyya na baya sun sassauta a kanta da sunan bai'ul wafa'i saboda ta yaɗu a garuruwansu, amma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa rance ne mai jawo amfani, ba ya inganta. Dillalin da zai ci la'ada sau biyu ba shi ne zai ba ka fatawa ba.

Na fahimci abin da ke ranka ko da ba ka faɗa ba. Tun 2023 da aka cire tallafin mai aka saki naira, kuɗi ke narkewa a hannu, kuma miliyan 7 ɗin da za ta dawo maka bayan shekara uku ba ita ce ka bayar ba. Damuwa ce ta gaske ga mai iyali da ya daina ɗaukar albashi. Sai dai maganinta shi ne ka daina zama mai ba da rance ka koma mai dukiya. A kira masu kiyasi su yi wa gidan kuɗi tsakani da Allah. Idan ya kai miliyan 21, kuɗinka sun sayi sulusi, kuna raba haya gwargwadon haka, gyara da asara ma haka. In mai gidan ya so sayen kasonka daga baya, ku yi ciniki a farashin da kuka daidaita ranar, ba a ɗaure shi da tsohon kuɗi tun yanzu ba. Ko ka kama hayar gidan gaba ɗaya na wasu shekaru sanannu, ka zuba naka 'yan haya, amma kuɗin da ka biya shi ba sa dawowa. In kuma gida kake so naka na kanka, bankuna marasa ruwa irin Jaiz da TAJ suna nan, ka kai wa malami takardunsu ya karanta kafin ka sa hannu.

Dubu 600 da ka karɓa a cire su daga bashin, yanzu miliyan 6 da dubu 400 kake binsa. In ka yi gyaran dole, kamar rufi ko yasar shadda, ka lissafa masa. Ka kira shi da kanka ka gaya masa, kada ka aika dillali.

Kafin ka sayi ko taku ɗaya a gidan nan, ka bincika ko na gado ne. Da yawa daga gidajen da ake jinginarwa cikin gaggawa ba a raba su ba, babban wa ne ke juya su, 'yan'uwa mata ba su sani ba. Ka je KANGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye ta Jihar Kano, a duba takardun, don shaidar mai unguwa ba ta maye gurbin takardar mallaka, kuma dokar filaye ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake sauya hannu a filin da ke da takardar gwamnati. Ginin haya babu zakka a kansa, sai abin da ya taru na hayar in ya kai nisabi ya shekara. Su kuma mutanen da ke cikin ɗakunan nan, a sanar da su wanda za su riƙa biya daga yanzu, kada a bar su tsakanin masu karɓa biyu. Allah ne mafi sani.