Tambaya da Amsa: Ɗana na da larurar ƙwaƙwalwa, in zauna a zauren WhatsApp na masu jinya ko in fita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Ni uwa ce mai 'ya'ya shida, muna zaune a Ɗorayi. Ɗana na biyu, mai shekara 19, ya fara canzawa bara bayan ya shiga jami'a. Ya daina barci, ya daina wanka, yana kulle kansa a ɗaki yana cewa yana jin muryoyi suna zaginsa, daga baya har ya ƙi cin abincin gida wai ana zuba masa guba. Mun yi wata uku ana ruƙiyya, sannan kawunsa ya kai shi asibiti, likita ya ce larurar ƙwaƙwalwa ce, ya ɗora shi a kan magani. Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, sai dai yana yawan barci, ya yi ƙiba, kuma hannunsa yana rawa. Wata ƙawata ta saka ni a wani zauren WhatsApp na iyaye masu irin wannan jarrabawa, kuma a can ne na fara samun waɗanda zan yi wa kuka ba tare da jin kunya ba. Amma wasu a ciki suna cewa maganin asibiti kashe ƙwaƙwalwa yake yi, in dakatar da shi, wani kuma ya ce in turo masa bidiyon yaron zai haɗa masa magani. Maigidana ya ce tonon asiri nake yi, in fita. Shin akwai taimako na gaskiya a intanet ga irinmu?

Wata uwa, Ɗorayi, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya da ba kowa ke ganin nauyinta ba. Zan fara da abin da ya fi gaggawa a wasiƙarki kafin mu zo kan zauren: kada ki dakatar da maganin nan, kada ki rage shi, kada kuma ki tura wa kowa bidiyon ɗanki.

Abin da kika bayyana, wato jin muryoyin da babu su, da sakankancewa cewa ana neman cutar da mutum, da janyewa daga jama'a, shi ne likitoci ke kira saikosis. Yakan fara ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa tsakiyar shekaru ashirin, kuma yakan riski samari da wuri fiye da 'yan mata. Dalilansa suna da yawa. Wani lokaci somin cutar sikizofireniya ne, wato wata larurar ƙwaƙwalwa mai daɗewa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa tana damun kimanin mutum miliyan 24 a duniya, wani lokaci kuma tabar wiwi ko wasu ƙwayoyi ne suke tayar da shi, akwai kuma wanda ke zuwa wa mace bayan haihuwa. Abin da masana suka tabbatar shi ne, gwargwadon daɗewar da aka yi ba a fara magani ba, gwargwadon wahalar da za a sha kafin mutum ya dawo daidai. Saboda haka kawun nan nasa ya yi muku babban alheri.

Barcin da ƙibar da rawar hannun da kike gani illolin magani ne da aka sani, ba alamar mutuwar ƙwaƙwalwa ba ce. Magunguna irin su haloferidol sukan kawo rawar hannu da sanƙarewar jiki da dalalar miyau, irin su olanzafin kuma sukan kawo barci da yawan ci. Duk waɗannan suna da gyara a hannun likita: yana iya rage adadin, ko ya mayar da shan maganin zuwa dare, ko ya canza wani, ko ya mayar da shi kan allurar da ake yi bayan 'yan makonni idan haɗiyar ƙwaya kullum ta gagara. Tunda ya yi ƙiba, ki nemi a riƙa auna masa sukari da hawan jini. Idan aka rubuta masa maganin rawar hannu, wanda ake sayarwa da sunan Exol ko Artane, ki riƙe shi a hannunki ki riƙa ba shi da kanki, domin kin san yadda matasan garin nan suka mayar da shi abin maye, kuma kada ki saye shi a kemis bisa shawarar wata a zaure. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a ci gaba da magani aƙalla shekara guda bayan alamun sun kwanta, sannan likita ya duba ko za a fara ragewa a hankali. Yawancin waɗanda suka yanke da kansu ciwon yakan dawo musu, kuma wadda ta ba ki shawarar ba za ta kasance a gidanki ba a daren da zai dawo.

Game da ruƙiyya, ban ga abin da zai sa ki zaɓi ɗaya ki bar ɗaya ba. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa karo da magani, kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Inda za ki tsaya ki ƙi shi ne duka, da ɗauri, da hayaƙin da ke shaƙe mutum, da duk wanda ya gindaya sharaɗin sai an bar maganin asibiti. Ba mu manta abin da aka gano a gidajen mari a 2019 ba, lokacin da aka fito da ɗaruruwan mutane a Kaduna da Katsina, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta irin wannan ɗauri.

Yanzu sai zauren. Ba zan ce miki ki fita daga duk wani zaure ba, domin na ɗauki maganarki da muhimmanci da kika ce a can ne kika fara yin kuka ba kunya. Mai jinyar taɓin hankali a garinmu tana cikin wani irin kaɗaici da mai jinyar ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki ba ta san shi ba. Waccan ana zuwa dubiya da lemo da ayaba, ita kuwa ɓoyewa take yi, tana tsoron kada maganar ta fita ta hana ƙannensa mata samun miji. Matar da ke cikin kulle, ko wadda ba ta iya barin mara lafiya shi kaɗai ta fita, saƙon murya da ƙarfe biyun dare daga wata uwa da ta taɓa shiga irin halin ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Kuma samun nutsuwarki yana cikin maganin ɗanki. Tun a shekarun 1950 zuwa 1970 wani masani a Ingila, George Brown, da abokan aikinsa suka lura cewa marasa lafiyar da aka sallama suka koma gidajen da ake yawan kushe su, ko ake nuna musu ƙiyayya, ko ake takura musu da kulawar da ta wuce kima, ciwonsu ya fi saurin dawowa. Daga nan aka gina tsarin koyar da iyali, kuma an tabbatar yana rage dawowar ciwon. Mu a Nijeriya ma ba baƙon abu ba ne, domin a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na ƙauyen Aro a Abekuta, inda mara lafiya ke zama cikin jama'a tare da wani danginsa yana karɓar magani. Uwar da ta samu inda za ta sauke nauyin zuciyarta ba za ta sauke shi a kan yaron ba. Za ta iya jin ya ce an sa masa guba, ta amsa masa da cewa ta ga yana cikin tsoro, ta ɗebi abincin ta ci a gabansa, maimakon ta tsaya musu da shi ko ta ce masa raini ne.

Sai dai ina so ki san iyakar abin, don kada ki ɗora wa waya abin da ba za ta iya ɗauka ba. A Ingila, masu bincike na Jami'ar Lankasta sun gina wani shafi na musamman mai suna REACT domin dangin masu irin wannan larura, da darussa, da wurin tattaunawa, da masu sa ido da aka horar daga cikin waɗanda su ma suka taɓa yin jinya. Sun gwada shi da mutum 800, aka fitar da sakamakon a 2020. Bayan mako 24, damuwar waɗanda aka ba shafin ta ragu, amma ta waɗanda aka ba jerin wuraren neman taimako kawai ita ma ta ragu, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Idan shafin da ƙwararru suka tsara da kuɗi da lokaci bai zama waraka ba, to zauren da kowa ke shiga ya faɗi abin da ya ga dama sai an yi masa karatun ta-natsu. Irin waɗancan shafuka kuma da Turanci suke, an gina su bisa tsarin asibitocin can, shi ya sa mu a nan abin da ke hannunmu shi ne WhatsApp da Facebook, kuma gyara su ya rage namu.

Ga yadda nake auna zaure. Ki duba wane ne ke riƙe da shi, ko an san shi da sunansa da aikinsa, kuma ko akwai nas ko likitan ƙwaƙwalwa da za a iya tabbatar da inda yake aiki. Ki duba abin da ke faruwa idan wani ya ce a bar magani: ana gyara masa nan take, ko shiru ake yi? Ki duba ko ana talla. Duk zauren da ake sayar da magani a cikinsa kasuwa ce, kuma mai kasuwa ba ya son ki ji sauƙi a wani wuri. Sannan ki duba kanki bayan kin ajiye wayar, ko kin tashi da ƙarfin gwiwar komawa asibiti ranar da aka ba ku, ko kuwa kin tashi da shakka da fargaba. Bisa abin da kika rubuto, zaurenku ya faɗi a biyu daga cikin waɗannan, don haka shawarata ki zaɓi mata uku ko huɗu da kika ga hankalinsu, ku buɗe naku ƙarami da ƙa'ida bayyananna, babban kuma ki bar shi.

Maigidanki yana da gaskiya a rabin maganarsa, kuma ya kamata ki faɗa masa haka. A WhatsApp duk wanda ke zaure yana ganin lambarki, saƙon murya ana tura shi gaba cikin daƙiƙa, kuma Kano duk girmanta ƙarama ce idan aka zo maganar wane ɗan wane ne. Bidiyon da aka ɗauka yana cikin ruɗewa zai iya bin ɗanki har ranar neman aurensa ko neman aikinsa, alhali bai ba da izini ba, kuma mai shekara 19 baligi ne mai haƙƙin sirrinsa. Kada ki ambaci sunansa, ko makarantarsa, ko layinku, kada ki tura hoton katinsa na asibiti. Ki yi magana a kan abin da ke damun ki ke, wannan naki ne. Idan kika nuna wa mahaifinsa waɗannan iyakoki, kika kuma roƙe shi ya raka ku ganin likita ko sau ɗaya ya yi tambayoyinsa da bakinsa, ina kyautata zaton zai sassauto, domin sau da yawa abin da ke fitowa daga bakin uba a matsayin faɗa tsoro ne da bai san inda zai kai shi ba.

Akwai lokutan da ba a tambayar zaure ko kaɗan. Idan ya fara maganar kashe kansa ko ya ce muryoyin suna umartarsa ya cutar da wani, idan ya daina ci da sha, ko zazzaɓi mai zafi ya rufe shi tare da sanƙarewar jiki da ruɗewa, to a ɗauke shi a tafi asibiti a lokacin, ko sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ki kuma riƙa rubuta awannin barcinsa a ɗan littafi, domin raguwar barci tana cikin alamun farko na dawowar ciwon, kuma likitan da ke da dogon layi a ƙofarsa zai fi amfana da wannan littafi fiye da dogon bayani.

Ranar da za ku koma asibiti, ki dubi matan da ke zaune tare da ke a kan benci suna jiran a kira katin 'ya'yansu. Waɗannan kin ga fuskarsu, kin san likita ɗaya kuke gani. Ki karɓi lambar biyu daga cikinsu, sannan ki tambayi nas ɗin sashen ko za ta yarda a saka ta a ƙaramin zauren naku, ko da sau ɗaya a mako ne za ta leƙa ta amsa tambayoyin da suka taru.