Wai me ya sa irokon yanzu bai kai na da ba

Kai yaro, ka aiko min saƙo wai Oga me ya sa katakon da muke saye yanzu ba nauyi, ga saurin lanƙwasa, wai ko canjin yanayin nan ne da ake ta faɗa a rediyo. Da ban yi niyyar amsawa ba don ku yaran yanzu a waya kuke so a koya muku kafinta, amma ka taɓo min wani tsohon miki.

Dajin da ya ba mu katakon da, na Edo da Ondo da Kuros Riba har zuwa Ghana da Kamaru, ba su ne bishiyoyin da ke cikinsa yau ba. Iroko da mahogani a hankali suke girma, sai sun daɗe kafin su yi ciki mai tauri, to an sare manyan, waɗanda suka rage kuma fari na cin su, don doguwar bishiya ita ta fi shan wahalar jan ruwa daga ƙasa zuwa can ƙololuwa, ita ke fara mutuwa. Haka aka gani a dajin Amazon a farin 2005 da na 2010. Kuma inda babba ta faɗi rana ta shigo, masu saurin tsiro ne ke cike gurbin, masu lagwada irin su rimi, ka sa ƙusa ta shige ba gardama. A Ghana ruwa ya ja baya tun shekarun 1970, ga gobarar daji ta 1983, masu auna bishiyoyi sun ga masu jure fari masu zubar da ganye da rani suna ta ƙaruwa, masu son laima suna raguwa. Toh yanayi na ciki, amma zarto ya fi shi sauri, kar wani ya ruɗe ka. Dubi madobiya, yadda aka dinga lodinta daga Taraba zuwa China har sai da aka sa ta cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ake gudun ƙarewarsu, a 2016.

Yanzu ga abin da ya same ni. Wani Alhaji ya ba ni ƙofofin gidansa gaba ɗaya, ya ce iroko yake so irin na gidan mahaifinsa, na ce an gama. Na tura kuɗi wurin wani dillali a kudu wanda mun daɗe muna hulɗa, har gidana ya taɓa kwana wlh, ya ci tuwona. Mota ta iso da damina, falankan sama iroko ne na gaske, ja mai duhu, ka sa randa ƙurarsa ta sa ka atishawa, har da ɗan dutsen nan fari da ke cikinsa mai dakushe zarto. Na ƙasa kuwa ƙananan bishiyoyi ne da ba su nuna ba, rabi duk farin gefe ne, wato ɓangaren wajen itace da bai kai cikin tauri ba, an haɗa da afara, wani farin katako mara nauyi, an shafe su da kala, ga su ɗanyu sharaf. Ina wurin wani aiki a lokacin, yaran shago irinku suka sauke suka yanka ba wanda ya ɗaga falanki ya ji nauyinsa a hannu, suna can suna latsa waya.

Aka kafa ƙofofi, Alhaji har da ƙara min na goro. Hunturu na shigowa sai kira, ƙofar falo ta ƙi rufuwa, ta ɗakin uwargida ta tsage tun daga sama har ƙasa kana hango haske ta ciki, wasu kuma gari na zuba daga ƙananan huji, ƙwari sun shiga farin gefen. Ya tara min mutane a ƙofar shago yana kirana macuci, ni da ko a gidan sarauta an san hannuna. Na sayar da babur ɗina na sake masa aiki daga aljihuna, kuma cikon kuɗina har yau bai ba ni ba, wai ladan ɓata masa lokaci. Na kira dillalin, ka san me ya ce? Wai Oga daji ya canza, manyan sun ƙare, sai haƙuri. Eh daji ya canza, amma dajin ne ya shafa kalar? Da ya faɗa min tun farko ai sai in ce wa Alhaji ya ƙara kuɗi ko mu koma malaina a san malaina ce.

Maganar yadda ake jera katako ya sha iska ya bushe kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya je ya sayar da rake. Gobe akwai kaya da za su iso 'Yan Katako, ka riga ni zuwa, ka sa a fara zaro na ƙasan mota, ka kankare gefe da kurfi ka ga launin ciki kafin kowa ya taɓa kuɗi. Kuma wayar nan ka bar ta a aljihu.