Amsa ga 'yar'uwar da ke tambaya kan shinkafar farin kabeji

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Na karanta tambayarki da kyau. Kin ce likita ya umarci mahaifiyarki ta rage cin shinkafa saboda ciwon suga, kin ji ana yin wani abinci mai kama da shinkafa da farin kabeji, wato wanda ake kira cauliflower da Turanci, kin gwada a blenda ya koma kamar kunu, kuma kina so ki san ko dole sai kin sayi injin yanka kayan miya mai tsada kafin ya yi kyau. Ni ma wannan ciwo ne ya kai ni ga wannan girki, domin maigidana yana fama da shi, kuma yau shekara uku ke nan ina yin sa a nan cikin garin Katsina duk lokacin da kayan suka samu. Ban taɓa mallakar wannan inji ba. Abin gogar kuɓewa, da wuƙa mai kaifi, da tsumma mai tsabta, da kasko mai faɗi, su ne duk kayan aikina.

Abin da ya ɓata miki girki ruwa ne, kuma shi ne ya ɓata min nawa a karon farko. Sunan da aka sa wa abincin yana ruɗin mutum, sai ki ɗauka za a dafa shi yadda ake dafa shinkafa. Alhali shinkafa busasshiyar ƙwaya ce mai neman ruwa kafin ta nuna, shi kuwa farin kabeji ganye ne ɗan'uwan kabejin da muka saba da shi, kuma kusan kashi 92 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne. Saboda haka duk aikin da za ki yi, tun daga wanki har zuwa saukewa, aikin rage masa ruwa ne. Ranar da na fara, na goge shi na zuba a tafasasshen ruwa na rufe tukunya kamar minti ashirin. Da na buɗe sai na tarar da farin taɓo a gindin tukunya, ga wani wari da ya cika tsakar gida har zaure. Daga baya na gane cewa dangin kabeji duka suna ɗauke da sinadaran farar wuta, kuma doguwar dahuwa ce take sako su, shi ya sa duk wanda ya wuce lokacinsa a wuta yake wari.

Bari in fara daga kasuwa. Kabeji da latas da karas muna samun su cikin sauƙi daga lambunan rani na kusa da mu, amma farin kabeji tsiro ne mai son sanyi, kuma wanda nake saya a wajen masu kayan lambu na Babbar Kasuwa daga Jos ake kawo shi. Ya fi samuwa kuma ya fi kyau a lokacin hunturu, idan bazara ta kama kuwa sai ya yi wuya, wanda aka samu ma yakan iso a galabaice. Ki riƙe mai sayarwa guda ɗaya ki gaya masa za ki riƙa saya a kai a kai, zai riƙa sanar da ke ranar da kaya suka sauka. Ki zaɓi kan da yake fari ko ruwan madara, a dunƙule tam, mai nauyi a hannu, wanda ganyen da ke kewaye da shi yake kore shar. Idan kin ga furannin sun fara warwatsewa, ko ɗigo-ɗigon baƙi ya yi yawa, ko kin danna da yatsa ya lotsa, ki bar shi, domin irin wannan ba ya goguwa, dagargajewa yake yi. Matsakaicin kai guda yana ba ni wajen kofin shayi huɗu bayan na goge, kuma yana raguwa sosai a wuta, don haka mutum biyu kawai yake isa.

Idan kin kawo shi gida ki cire ganyen, ki raba kan gida huɗu da wuƙa, ki bar kowane kaso da kututturensa. Ki jiƙa a ruwan gishiri na minti 10 zuwa 15, saboda ƙananan tsutsotsi da ƙwari sukan ɓuya a tsakanin furannin, kuma ruwan gishiri ne yake fito da su. Ki ɗauraye da ruwa mai kyau, ki kife a matsami, sannan ki shimfiɗa a faranti ko faifai a inuwa ya sha iska. A hunturun Katsina rabin awa ta isa. Kada ki goge shi yana jiƙe, ko da kina sauri, gara ki tsane shi da tsumma ɗaya bayan ɗaya.

Wajen gugar, ki yi amfani da ɓangaren greta mai manyan ramuka, domin ƙananan ramukan da muke gogar citta da su markaɗa shi za su yi. Ki kafa gretar a cikin roba mai faɗi ko babban tire, saboda ƙwayoyin suna fallatsa ko'ina. Ki riƙe kason ta kututture, ki sa fuskar furen a jikin gretar, ki riƙa gogawa daga sama zuwa ƙasa ba tare da kin danna da ƙarfi ba. Za ki ga yana zubowa fari tas kamar tsakin masara. Dalilin da ya sa na ce ki bar kututturen shi ne ya zame miki mariƙi, ya kare miki yatsu, kuma shi ma idan kin fere busasshen bayansa ana gogewa a ci, har ya fi furen ɗan zaƙi. Guntayen da suka yi ƙanƙanta a riƙe kuwa, ki tara su a katakon yanka ki daddatsa da wuƙa kamar yadda ake yi wa albasa. Wadda ba ta da greta ma za ta iya yin duka da wuƙa, lokaci kawai zai ci. Turmi ne ban yarda da shi ba sam, domin taɓarya tana murƙushe shi ruwan ya fito, abin da ya same ki a blenda shi zai sake samun ki.

Bayan guga akwai matakin da mutane da yawa suke tsallakewa, ni kuwa a wurina shi ne rabin girkin. Ki juye gogaggen a farin tsumma irin wanda muke tace gasara da shi, ki tattara bakin, ki murɗa ki matse da hannu biyu. Wani kan ba zai ba ki ruwa mai yawa ba, wani kuwa za ki yi mamakin abin da zai tsiyaye. Da kin kwance tsumman ki warware shi da yatsu, za ki ji ya yi washar-washar a hannu.

Yanzu sai wuta. Ki ɗora kasko mafi faɗi da kike da shi, ko tukunya mai faɗin gindi, ki bari ya yi zafi sosai, ki zuba man gyaɗa cokali ɗaya ko biyu. Ki soya albasa da tafarnuwa da ɗan attarugu har ƙamshi ya tashi, sannan ki zuba farin kabejin ki baza shi ya rufe gindin kaskon. Idan ya yi yawa ki raba shi kashi biyu, domin idan ya taru a kan juna turara kansa yake yi ya saki ruwa. Kada ki rufe, kada ki zuba ruwa ko cokali ɗaya. Ki saurari kaskon: muddin kina jin ƙarar suya, aiki yana tafiya daidai, idan kuwa kin ji ya koma ƙarar tafasa, to wutar ta yi kaɗan, ki ƙara ta. Ki riƙa juyawa jefi-jefi, cikin minti 5 zuwa 8 launinsa zai sauya daga fari fat zuwa ruwan madara, gefe-gefen su ɗan yi ja. Ki ɗanɗana, idan ya yi laushi amma yana da ɗan saura a haƙori, ki sauke nan take, domin zafin da ke jikinsa zai ƙarasa shi. Gishiri da dunƙule sai a minti na ƙarshe, saboda gishiri yana jawo ruwa daga jikin ganye, idan kin sa da wuri duk wahalar matsar da kika yi ta tafi a banza.

Hanyar da ta fi karɓuwa a gidana ita ce ta dambu. Ina turara gogaggen a madambaci na kamar minti biyar kawai, in juye a roba, in haɗa da dafaffen zogale da na matse, da albasa, da dakakken ƙuli-ƙuli, da ɗan soyayyen man gyaɗa da yaji. Tsofaffi sun fi amsar wannan, ina jin saboda idonsu da harshensu sun riga sun san dambu, ba sa zaman kwatanta shi da shinkafa. Ga Hajiya, da wannan nake ba ki shawarar ki fara. Idan kina son irin na dafa-duka, ki soya tumatir da tattasai daban har ruwansu ya ƙone mai ya taso, sannan ki juya soyayyen farin kabejin a ciki na minti ɗaya ko biyu. Da miya kuma, mai kauri ce take tafiya da shi, irin miyar alayyafo ko ta ƙwai. Tuwo ne dai ba ya yi, domin ba shi da danƙon da zai kama.

Sai maganar lafiya, wadda ita ce dalilin tambayarki. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana ɗauke da kabohaidiret wajen giram 28, wato sinadarin da jiki ke mayarwa suga, da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 130. Giram 100 na farin kabeji kuwa kabohaidiret ɗinsa wajen giram 5 ne, kalori wajen 25. Wannan tazarar ita ce amfaninsa, kuma ita ce take sa ba ya riƙe ciki. Maigidana da ya ci shi zalla a farkon lamari, kafin La'asar yunwa ta dawo masa. Tun daga nan nake haɗa masa da wake, ko ƙwai, ko kifi, ko awara, wani lokaci kuma in gauraya rabi dafaffiyar shinkafa rabi farin kabeji, in sa mai da yaji kamar garau-garau. Wannan gaurayen ne ya sa ya saba ba tare da ya ji an raba shi da abincinsa ba.

Ina roƙonki da girman Allah, kafin ki sauya wa Hajiya abinci sosai ki sanar da likitanta. Idan tana allurar insulin, ko tana shan ƙwayoyi irin glibenclamide, rage shinkafa da tuwo farat ɗaya alhali magani yana nan yadda yake zai iya sa sugan ya faɗi ƙasa, kuma wannan haɗari ne na gaske. Alamominsa su ne rawar jiki, da gumi, da jiri, da matsananciyar yunwa, wani lokaci har da ruɗewa. Idan kuna da na'urar gwaji a gida, ki riƙa gwada ta kafin cin abinci da kuma awa biyu bayan ci, ki rubuta a littafi ki kai wa likita ranar ganinsa. Ki kuma fara mata da kaɗan, domin dangin kabeji suna sa kumburin ciki ga wanda bai saba ba.

Game da ajiya, kan da ba a yanka ba yana yin kwanaki a firij idan ba a wanke shi ba, amma da zarar an goge, warinsa yana tashi da sauri, bayan kwana biyu ba na son amfani da shi. Ana iya ƙulla gogaggen a leda a daskarar, sai dai inda wuta ba ta tsayawa, narkewa da sake daskarewa suna mayar da shi ruwa. Ni dai ina goge abin da za a ci a ranar kawai, sauran kason in naɗe a takarda in sa a firij. Idan kin gwada na dambun, ki dawo ki gaya min yadda Hajiya ta karɓe shi, kuma ki gaishe min da ita da jiki.